Samanja Malami Ne: Dariyar Filin Fareti a Bakin Tsofaffin Sojojin Gagarawa Tasha

Duk wanda ya taɓa yin yammaci a Gagarawa Tasha, a sa'ad da zafin rana ya karye, aka idar da sallar La'asar, dattawa kuma suka shimfiɗa tabarmi a inuwar darbejiya daura da tsohon layin dogon nan da ya taso daga Kano, ya ratsa Ringim, ya zarce Malam Madori har ya dangana da Nguru, to, lalle zai shaida cewa a cikin majalisun garin babu wadda dariya ta fi yawaita a cikinta kamar wadda tsohon soja ya zauna. Tun daga shekarar 1930, lokacin da jirgin ƙasa ya isa Nguru, wannan tasha ta zama ƙofar ƙasar Gumel zuwa duniya. Ta nan gyaɗa da fatu suka riƙa fita, ta nan kuma samarin Gumel da Maigatari da Sule Tankarkar da ƙauyukan Gagarawa suka riƙa hawa jirgi da 'yar jakar guzurinsu, su sauka Kano, su sake hawa na Zariya, sun bar gida suna manoma da makiyaya da almajirai, su komo bayan shekaru suna sojoji.

Abin da ya daɗe yana ba ni mamaki game da waɗannan bayin Allah shi ne, in ka tambayi ɗayansu labarin fagen fama, sai ya gajarce maka, ya ce Allah ya kyauta, Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya kama wani zance. Amma in ka ambaci kwanakin kurtu, ka tambaye shi wane ne ya koya masa fareti, nan take za ka ga fuskarsa ta washe, ya gyara zama, wani lokaci ma ya miƙe da tsufansa ya kwaikwayi tafiyar samanjansu da muryarsa, alhali kuwa wannan samanja shi ne mutumin da ya hana shi barci, ya sa shi tsallen kwaɗo, ya kira shi da sunayen da ko kishiyar uwa ba ta taɓa kiransa da su ba. Yadda wuya take rikiɗa ta zama dariya, dariyar kuma ta zama godiya, ita ce mas'alar da na yi nufin bincike a kanta.

Gidan da ake sauya mutum

Ya kamata mai karatu ya fara sanin gidan da waɗannan labarai suke fitowa. Masu tarihi suna mai da asalin sojan Nijeriya ga shekarar 1863, lokacin da wani Bature, Laftanan John Glover, ya tara 'yan tsirarun Hausawa a Ikko, ya ba su kaki da bindiga, har aka riƙa kiransu Hausawan Glover. A 1897 aka ɗora wa Lugard aikin haɗa rundunar iyakokin Afirka ta Yamma, a 1924 kuma aka kafa gidan horar da kurata na Zariya, wanda sojoji ke kira Defo, wanda ya cika shekara ɗari a 2024. Barikin da yake ciki ana kiransa Chindit, kuma sunan yana da tarihi, domin a 1944, cikin Yaƙin Duniya na Biyu, bataliyoyi uku na sojan Nijeriya suna cikin rundunar Janar Wingate mai wannan suna, wadda ta kutsa dazuzzukan Bama ta bayan sojojin Japan. Wannan shi ne yaƙin Bama da kakanninmu suke ambata, wanda ya bar mana sunayen barikoki irin su Arakan da Myohaung da ke Ikko.

A zamanin Turawa Hausa ce harshen bariki, har hafsoshin Ingila da aka turo sai sun koye ta, ko da yake kalmomin umarni a filin fareti na Ingilishi ne. Daga wannan gauraye aka sami Barikanci, wato Hausar da Batibi da Angas da Bachama da Badakkare da Babarbare suke fahimtar juna da ita, wadda ba ta damu da rarrabe namiji da mace ba. Daga nan ne kuma harshenmu ya ci ribar kalmomin da yanzu muke faɗa ba tare da tunanin baƙi ne ba: soja, kurtu, farabiti, kofur, saje, samanja, hafsa, bariki, fareti, bigila, sintiri, gadurum. Kowace ɗaya daga cikinsu ta bakin wani mai horarwa ta shigo, aka daka masa tsawa da ita, shi ma ya daka wa na ƙasa da shi, har ta iso zauren gidanmu.

Hafsoshi su ke da taurari a kafaɗa, su kuma ake rubuta sunayensu a littattafai, amma duk soja ya sani ginshiƙin runduna su ne kofur da saje da samanja. Kaɗan ne daga cikinsu tarihi ya riƙe sunayensu, kamar Chari Maigumeri, mutumin Borno, wanda ya fara aikin soja a hannun Jamusawa a Kamaru, ya shigo rundunar Nijeriya a 1917, ya kai matsayin babban samanjan bataliya, ya ajiye aiki a 1953 da muƙamin kyaftin na girmamawa, kuma har yau barikin Lakwaja da sunansa ake kiransa. Sauran dubbai babu allon da ya ɗauki sunayensu, sai zukatan kuratan da suka bi ta hannunsu.

Ranar da ladabi ya zama laifi

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, Allah ya jiƙansa da rahama, yana cikin waɗanda suka hau jirgi daga tashar nan a farkon yaƙin basasa, wanda aka fara a 1967 aka gama a Janairun 1970, lokacin da rundunar da ba ta fi mutum dubu goma ba ta kumbura har ta kai wajen dubu 250, aka riƙa ɗibar samari ana ba su horo cikin gaggawa. Ina yaro nakan zauna kusa da shi bayan sallar Isha, in ce, "Kawu, a ba mu labarin Saje." Sai ya yi murmushi ya ce, "Ɗana, ai kai ba ka gajiya da Saje, shi ma da yana nan ba zai gaji da kai ba."

Labarin da yakan fara da shi na ranar isarsu sansanin horo ne. Bayan an yi musu aski ƙwal, an raba musu kaki da takalma, sai aka ce ga sajen da zai riƙe su yana tafe, wani dogon mutum baƙi, mutumin ƙasar Zuru, da 'yar sanda a hammata. To, shi Kawu ɗan gidan tarbiyya ne, kuma a ƙasar Gumel yaro ba ya gai da babba a tsaye, balle ya dube shi ido cikin ido, saboda haka da sajen ya iso gabansa, sai ya yi abin da uwa da uba suka koya masa, ya tuɓe takalman nan sababbi ya ajiye gefe, ya durƙusa, ya sunkuyar da kai, ya ce, "Ranka ya daɗe, barka da rana." Ya ce filin nan ya yi tsit kamar an yi ruwa an ɗauke. Sajen ya zagaya shi sau biyu, ya dubi takalman, ya dube shi, sa'an nan ya tambaye shi ko gwamnati ta yi masa wani laifi ne da ya zubar da takalmanta a ƙasa. Da Kawu ya ce ladabi ne, sai sajen ya ce to madalla, tun da yake shi mai son kusanci da ƙasa ne, kada ya tashi, ya kama kunnuwansa ya kai wannan gaisuwa har bakin ƙofar bariki ya komo, yana tsalle yana cewa ranka ya daɗe, domin kowa ya sami rabonsa.

Mukan yi dariya har da hawaye, amma Kawu ba ya barin labarin a nan. Ya ce da daddare sajen ya kira shi gefe ya gaya masa, cikin Hausarsa ta bariki, cewa shi ma a garinsu haka ake gai da manya, kuma kada ya yar da wannan hali idan ya koma gida. Sai dai soja in ya durƙusa ya sunkuyar da kai, ba ya ganin abin da ke tahowa, ladabinsa shi ne ya ƙame, ya ɗaga kai, ya sara. Tun daga ran nan, in ji Kawu, ya gane cewa ladabi iri-iri ne, kowane zaure da nasa.

Ƙafar fita da ƙafar shiga

Labari na biyu na wani gardi ne daga yankin Sule Tankarkar, mutum mai natsuwa, wanda ya yi nisa a karatun allo kafin ya shiga soja. Ƙa'idar fareti ita ce da ƙafar hagu ake fara taku, shi kuwa wannan bawan Allah tun yana ƙarami aka cusa masa cewa duk abin alheri da dama ake fara shi, har abin ya bi jikinsa. Saboda haka duk sanda aka ba da umarnin tafiya, mutum talatin su jefa hagu, shi kaɗai ya jefa dama, ya taka dugadugan na gabansa, na baya ya taka nasa, sahu ya wargaje. An yi masa tsawa, an sa shi gudu da bindiga bisa kai, an sa dukan 'yan ajinsu gwale-gwale saboda shi, amma washegari sai ya maimaita, domin kalmomin nan biyu, lef da rai, a kunnensa amo ne kawai marar ma'ana.

A kwana na huɗu sajen, wanda shi ba Musulmi ba ne, ya tsai da fareti, ya zo gaban gardin ya tambaye shi, "Malam, in za ka shiga masallaci, wane ƙafa kake sa?" Gardi ya nuna dama. "In za ka fita fa?" Ya nuna hagu. Sajen ya ce to daga yau ya ɗauka kullum fitowa yake yi daga masallaci zai tafi aiki. Ya koma wurinsa, ya cika ƙirji da iska, maimakon lef, rai, sai aka ji ya kwarara, "Fita! Shiga! Fita! Shiga!" Kawu ya ce rabin ajin dariya ta kusa kayar da su, har wani hafsa da ke wucewa ya tsaya yana tambayar wane sabon umarni ne aka kawo daga Ikko; amma gardin nan bai sake kuskure ba, kuma har suka gama horo sunansa Malam Fita.

Na daɗe ina juya wannan labari a zuciyata, domin a cikinsa akwai asalin ilmin koyarwa, wanda malamanmu suka sani tun da: ana ɗaukar almajiri ne daga abin da ya sani a kai shi ga abin da bai sani ba. Wannan saje bai yi karatun koyarwa a wata kwaleji ba, bai kuma raina abin da gardin ya taso a kai ba. Ya lura da shi, ya gano inda ƙullin yake, ya kwance shi da kalma biyu.

Matar da ta yi yaji

Na uku shi ne wanda majalisa ta fi so. Ranar da aka fara ba su bindigogi, sajen ya gaya musu cewa daga yau kowa ya yi aure, bindigarsa ita ce matarsa, da ita zai kwana, shi zai yi mata wanka ya shafa mata mai, kuma wanda duk ya bar tasa ita kaɗai ya kuka da kansa. Akwai wani yaro ɗan Maigatari, ɗan dillalin shanu a kasuwar nan ta ranar Alhamis, mai yawan surutu da son hira, wanda wata rana ya jingine tasa a jikin bishiya ya tafi shan ruwa, ya tsaya zance. Kafin ya komo sajen ya ɗauke ta. Yaro ya duba gabas ya duba yamma, gumi ya karyo masa, domin ya san ɓatan bindiga magana ce ta gadurum da abin da ya fi gadurum.

Sajen ya tara aji ya sanar da su, fuskarsa babu alamar wasa, cewa matar wane ta yi yaji saboda wulaƙanci, kuma bisa al'adar Hausawa sai an je biko. Ya naɗa gardin nan Malam Fita waliyyi, ya zaɓi mutum biyu su zama dattawan da za su raka miji, shi kuwa ya zauna bisa kujera a matsayin surukin da aka ɓata wa rai. Haka ɗan Maigatari ya zagaya filin fareti sau uku a guje yana kiran amarya ta yi haƙuri, sa'an nan ya zo ya tsaya gaban suruki ya yi bayanin laifinsa, dattawa suka ba da baki, waliyyi ya yi nasiha, aka ɗora masa tarar wanke bindigogin aji duka a daren, kana aka mai da masa matarsa. Kawu ya ce bayan wannan biko, ko ban ɗaki ɗayansu zai shiga, da bindigarsa yake shiga.

Inda dariya take tsayawa

Akwai wurin da muryar Kawu takan sauya, kuma sau ɗaya tak ya ba ni wannan kashi na labarin, bayan na girma. Ya ce a cikin abubuwan da suka fi ƙi a lokacin horo har da yadda sajen yakan daka musu tsawar su kwanta a ko'ina kuma a kowane lokaci, cikin taɓo ko kan ƙaya, suna cin abinci ko suna tafiya, wanda duk ya tsaya duba inda zai faɗa kuwa sai ya maimaita sau ashirin. Suna ganin mugunta ce kawai. Watanni kaɗan bayan haka, a wani daji a ƙasar gabas, suna tafe a layi da sassafe, sai kofur ɗinsu ya yi wannan tsawa. Ya ce bai san sanda ya kai ƙasa ba, jikinsa ne ya ji umarnin kafin hankalinsa ya ji, harsasai kuma suka wuce daidai inda ƙirjinsa yake. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Ɗana, ajali yana hannun Allah, amma Allah yakan sanya sababi. Sababina sajen nan ne, ban kuwa taɓa ce masa na gode ba."

A nan ne amsar mas'alarmu take. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, kuma duk abin da mai horarwa yake yi fafe gora ne. Tsoro idan ya sauka yakan ɗauke tunani, abin da ke saura ga mutum a wannan sa'a shi ne abin da jikinsa ya haddace, haddar jiki kuwa ba ta samuwa sai da maimaici, kamar yadda haddar allo ba ta samuwa sai da tilawa. Hukuncin da ake yi wa aji duka saboda kuskuren mutum ɗaya, wanda kurtu yake gani zalunci ne tsantsa, manufarsa ita ce kowa ya san cewa wake ɗaya shi ke ɓata gari, ya riƙa duba na kusa da shi kamar yadda yake duba kansa. Musulmi bai kamata wannan ya zame masa baƙon abu ba, domin sau biyar a yini yana tsayawa a sahu, kafaɗa da kafaɗa, liman ba ya tayar da kabbara sai sahu ya daidaita, mamu kuma ba ya riga liman ruku'u ko sujada.

Tarihin ƙasarmu ma ya ba da shaida mai ɗaci a kan wannan. Rundunar da Kanar Morland ya ci Kano da ita ranar 3 ga Fabrairu, 1903, ba ta cika mutum dubu ɗaya ba, kuma mafi yawan masu riƙe da bindigogin 'yan ƙasa ne, Hausawa da Yarabawa. Haka aka yi a Sakkwato cikin Maris na wannan shekara, haka kuma a maƙwabciyarmu Haɗeja cikin Afrilun 1906, inda Sarki Muhammadu ya yi shahada tare da jarumansa. Babu mai cewa barade da 'yan lifida sun gaza a jarunta. Bindiga mai ruwa ta yi aikinta, amma tare da ita akwai nizami, wato mutanen da aka hora su tsaya a sahu ba su motsa ba alhali dawakai suna tahowa a sukwane, kada su harba sai an ce su harba. Wannan tsayuwa a filin fareti aka koye ta, a bakin wani saje.

Amma me ya sa mai horarwa yake haɗa horo da ban dariya? A ganina rahama ce da ta sa rigar tsanani. Sajen da ya shirya biko yana da ikon ya kai yaron nan gaban hafsa, a rubuta masa laifin da zai bi shi har ƙarshen aikinsa. Sai ya zaɓi hukuncin da zai ƙare a yini ɗaya, darasinsa kuwa ya zauna shekara hamsin. Bulala takan warke a manta dalilinta, amma abin da aka yi wa dariya a gaban jama'a ba ya fita daga rai. Bugu da ƙari, samarin da aka tara daga ƙabilu da addinai daban-daban, waɗanda jiya ba su san juna ba, babu abin da ke saurin mai da su 'yan'uwa kamar su sha wuya tare su kuma yi dariya tare.

Haddin da ba a ƙetarewa

Wajibi ne a faɗi ɗaya gefen, domin adalci. Ba kowane mai tsawa ne malami ba, kuma tsakanin horo da zalunci akwai haddi, wanda malaman Musulunci suka yi bayaninsa tun da daɗewa. Ibn Sahnun, malamin Malikiyya na Ƙairawan, ya iyakance dukan da malami zai yi wa yaro a littafinsa na ladubban masu koyarwa, Ibn Khaldun kuma, wanda ya rasu a 1406, ya keɓe fasali a cikin Muƙaddima inda ya nuna cewa tsanantawa ga masu koyo tana cutar da su, tana koya musu ƙarya da yaudara, tana kashe musu zuciya. Tsofaffin sojoji da kansu suna rarrabewa. Wanda suke ambata da alheri shi ne wanda duk abin da ya sa su yi shi ma yana iya yinsa, yana gaba a gudun asuba, ba ya cin abinci sai sun ci, ba ya taɓa kuɗin kurtu, ba ya zagin iyaye ko addinin kowa, in wani ya faɗi da zazzaɓi kuma shi ne mai ɗaukarsa zuwa asibiti. Wanda ya rasa waɗannan siffofi, ya mai da sandarsa abin huce haushi, ba a kwaikwayon muryarsa a majalisa, ba a ma son ambatonsa. Wannan shiru hukunci ne, kuma ya kamata duk mai riƙe da kurata a yau ya tambayi kansa cikin wane kashi yake so a sa shi bayan shekara arba'in.

Daga bariki zuwa zaure

Ba sojoji kaɗai suka san wannan mutum ba. Duk wanda ya girma a Arewa yana sauraron rediyo da kallon talabijin na Kaduna ya san Samanja Mazan Fama, wasan da marigayi Usman Baba Pategi ya shahara da shi. Shi kansa tsohon soja ne, shi ya sa tsawarsa da Barikancinsa da yadda yake gauraya Hausa da Turanci suka zauna daram, har tsofaffin sojoji suna kallo suna cewa wallahi haka nasu yake. Ya rasu a Kaduna cikin Nuwamban 2023, bayan ya shigar da samanja kowane gida, ya sa farar hula suka ga cewa a ƙarƙashin kakin nan akwai mutum mai iyali da raha da tausayi.

'Ya'yanmu masu digiri su ma suna ɗanɗana nasu rabo, tun da gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa shirin yi wa ƙasa hidima a 1973, inda ake tsare su mako uku a sansani, na jiharmu kuwa yana Dutse, sojoji suna tashinsu da bigila tun kafin assalatu. Har sunan da ake yi musu laƙabi da shi, ajuwaya, daga bakin mai horarwa ya fito, domin umarni ne na Ingilishi mai nufin a koma yadda ake, wanda ake yawan daka musu idan sun ɓata taku. Su ma in sun komo gida, labarin da suka fi bayarwa na sojan da ya hora su ne.

A yau kurtu yakan yi wata shida a Zariya kafin a yaye shi. Sharuɗɗan da rundunar ke bayyanawa ga wanda ba mai sana'a ba sun haɗa da shekara 18 zuwa 22, da takardar gama sakandare, da tsawon aƙalla mita 1.68 ga namiji, 1.65 ga mace, ana cike takardar nema ta intanet, kuma rundunar tana nanata cewa kyauta ne. Saboda haka duk wanda ya zo wa uba a Gagarawa ko Gumel ya ce a kawo kuɗin riɗi ko a sayar da saniya zai sama wa yaro gurbi, macuci ne, a kai maganarsa ga hukuma.

Kira

Samarinmu masu sha'awar wannan aiki, a lokacin da ƙasa take fama da 'yan ta'adda da ɓarayin daji, kada labarin tsallen kwaɗo ya firgita ku. Wanda ya yi noman gero a rairayin ƙasar Gumel, ya yi kiwo cikin zafin bazara, ya tashi karatun asuba cikin hunturu, ya riga ya yi rabin horon tun a gida. Abin da ya rage shi ne haƙuri da ɗa'a da tsarkake niyya, da riƙe amanar bindigar da za a damƙa muku, wadda ta kare talaka ce.

Mu kuma da muke gida, akwai hakki a kanmu. Waɗanda suka je Bama kusan duk sun koma ga Mahaliccinsu, waɗanda suka yi yaƙin basasa kuwa mafi ƙanƙantarsu ya haura saba'in, kuma duk wanda aka binne cikinsu, da labaransa ake binne shi. Ranar 15 ga Janairu ta kowace shekara hukuma takan ajiye furanni domin tunawa da mazan jiya, amma tsohon sojan unguwarku ya fi bukatar wanda zai zauna kusa da shi. Malaman makarantunmu su tura ɗalibai su rubuta abin da waɗannan dattawa suke faɗa, masu waya su ɗauki muryoyinsu da izininsu, mawadata kuma su duba halin da suke ciki. Ni na yi sakaci har Kawu ya rasu ban tambaye shi sunan sajensa ba, abin yana damuna har yau. Kai da naka yake raye, je ka gaishe shi yau bayan La'asar, ka tambaye shi wanda ya koya masa fareti, ka rubuta sunan, ku yi masa addu'a tare.